Shekarar da Saje Ya Kayar da Ni

Watannin baya jikata Hajara, wadda ke karatun aikin jinya, ta zo hutu fuska a murtuke don an kayar da ita a wata jarrabawa. Ina kwance a ɗaki na jiyo tana gaya wa uwarta cewa malamin nasu mugu ne, irin Saje ne. Na tashi zaune. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin Saje ba, ubanta ma bai gan shi ba, amma ga sunan bawan Allah ya zama abin da ake auna mugunta da shi a gidana, har kan jikoki. Ba kowa ya jawo wannan ba sai ni. Shi ya sa na ce tun idona na ganin layi bari in zauna in rubuta muku abin da ya faru a shekarar nan yadda ya faru, ba yadda kuka ji shi a bakin Inna, mahaifiyata, ba. Allah ya jiƙanta, ita abin da aka gaya mata ta riƙe.

A Likoro aka haife ni, a gidan malamai. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, manomi ne da damina, malami ne kullum. A zaurensa na koyi abu biyu tun ban san damana da haguna ba, wato hadda da ladabi. In malami na magana kanka na ƙasa. In ya biya maka ka maimaita. In ya ce ka ji, ka ce ka ji. Tun da nake ban taɓa ganin ɗalibi ya ɗago ido ya ce wa Baffa bai gane ba, domin a wurinmu faɗin haka kamar ka ce malam bai iya bayani ba ne. Wanda abu ya shige wa duhu sai ya lallaɓa wurin na gaba da shi ya tambaya a ɓoye. Yadda ɗan wannan gida ya faɗa boko wani dogon zance ne. Abin da ya kamata ku sani shi ne Baffa ya sha magana a kai, har wasu abokansa suka daina zuwa zaurensa hira. Da hukumar gargajiya ta En'e ta zaɓe ni cikin waɗanda za a tura Zariya koyon aikin disfensa, shekara biyu ko uku bayan an sami mulkin kai, sai ya ce wa Inna ba ya roƙon komai sai ya ga ranar da zan sa fararen kaya in yi wa mutanen Likoro magani, bakin kowa ya mutu. A lokacin tari ya riga ya kama shi.

A makarantar ne na haɗu da Malam Dauda, wanda muke kira Saje a bayan idonsa don ya yi aikin asibiti a soja. Gajere ne, baƙi, ba ya dariya, kuma ba ya kiran kowa da sunansa sai da sunan garinsu. Ni Likoro nake a wurinsa. Ran farko da na gan shi na cire takalmi na durƙusa na dafa ƙasa, yadda aka koya mini, ina jiran a yaba tarbiyyar gidanmu. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya tambaye ni ko da hannun nan zan taɓa ciwon mutane. Ya kora ni famfo na wanke har gwiwar hannu, a gaban aji, ya ce daga yau a tsaye za a gaishe shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na je gida hutu na ba da wannan labari, Inna ta riƙe baki ta ce wannan ba a yi masa tarbiyya ba. Daga nan na kama bencin baya, ina addu'ar kada idonsa ya faɗo kaina.

Amma fa a takarda ba mai kamo ni. Littafin magunguna na haddace shi kamar yadda na haddace izufi a zauren Baffa, har shafi da layi. In aka yi jarrabawar rubutu ni ne na ɗaya, 'yan ajinmu suka laƙaba mini Alaramma, ni kuwa kaina ya ɗan fara kumbura. Saje yakan duba takardata ya dube ni, ya ajiye. In ya gama darasi yakan juyo daga allo ya ce kun gane, mu kuma mu amsa baki ɗaya cewa mun gane, Malam. Muryata na ciki kullum, ko na gane ko ban gane ba.

A shekararmu ta ƙarshe aka canza ma'auni. Da can da giren ake rubuta ƙarfin magani, shi ne a littafin da na haddace. Sai sababbin kwalabe suka fara zuwa da miligiram a jikinsu. Saje ya ɗauki kwana biyu yana nuna mana a allo yadda ake juya wancan zuwa wannan, da yadda ake ɗora yaro a sikeli a fitar da adadin da za a ba shi gwargwadon nauyinsa. Lissafi ne zalla, ba shafin da za a haddace, ni kuwa tun ina yaro ni da lissafi sai gaisuwa daga nesa. Ina kallon alli na tafiya, ban san inda ya dosa ba. Da ya gama ya yi tambayarsa ta kullum, aji ya amsa. Sai ya yi abin da bai saba ba, ya miƙa wuya ya nemo ni a baya.

"Likoro, har da kai?"

"Na gane, Malam."

Kalmomi uku ke nan, kuma su suka ci mini shekara. Ta yaya Alaramma zai ɗaga hannu a gaban mutum talatin ya ce bai gane ba? Kuma ta yaya ɗan Baffa zai ce wa malami bayaninsa bai shiga ba? Na bi hanyar zaurenmu, na lallaɓa wurin wani ɗan ajinmu. Shi ma ashe rabi ya kama, ya yi ta dagula mini, na gyaɗa masa kai na ce na gode.

Watanni uku na ƙarshe akan raba ɗalibai ƙauyuka su yi aiki a hannun disfensa, sannan malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gwada su a kan marasa lafiya na gaske. Wanda ya ci ya sami takardarsa. Wanda ya faɗi ko dai ya maimaita shekara ko a sallame shi. Ni aka kai ni wani ɗan asibiti tsakanin Makarfi da Gazara, wurin wani dattijo da har lokacin tsofaffin kwalabensa ba su ƙare ba, don haka asirina ya rufu. Amma hankalina bai kwanta ba ko na yini ɗaya. Duk macen da na hango da goyo sai in duba ko dattijon na kusa. Duk ƙarar babur da na ji a hanya sai in ɗauka Saje ne, don ba ya faɗin ranar zuwansa. Abinci ya fita raina, wandona ya fara zamewa. Na sha buɗe littafin da na kwafi lissafin a ciki, in zuba masa ido har lambobin su haɗe. Dattijon ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce lafiya lau. Shi ma ban tambaye shi ba.

Ran wata kasuwar Makarfi, da hantsi, babur ɗin ya tsaya. Lokacin matsar rake ne, ƙamshin mazarƙwaila ya cika ko'ina, har yau in na ji shi sai in tuna ranar nan. Saje ya gaisa da dattijon, ya roƙe shi ya ba mu wuri, ya ja benci ya zauna a bayana da takarda a cinya. Na farko wani mutum ne da injin matse rake ya cafke wa yatsa. Na wanke, na ɗaure, na ji alƙalami na motsi a bayana. Na ga mutum huɗu ko biyar lafiya ƙalau, har na fara cewa a raina ƙila Allah ya tsallakar da ni. Sai ga wata Bafulatana ta shigo da yaro ɗan kamar shekara biyu, jikinsa zafi rau, idanu a kafe. Ta ce kwana uku ke nan, ko ruwa aka ba shi sai ya dawo da shi. Saje ya tambaye ni me nake gani. Na zuba masa karatu tiryan-tiryan, cewa zazzaɓin sauro ne, kuma tun da ba abin da ke zama a cikinsa sai allura. Ya ce daidai. Ya buɗe jakarsa ya fito da sabon kwali ya ajiye a teburi, ya ce bismilla.

Na ɗora yaron a sikeli na rubuta nauyinsa. Na dubi 'yar kwalbar, ga miligiram na kallona. Na yi wasu lambobi a gefen takarda, na soke, na sake, na fito da wani adadi da ni kaina ban san ta inda na bi ba. Na zuƙa a sirinji. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san wannan magani sarai, yana shafi na nawa ma na sani, kuma a ƙasan shafin an rubuta cewa in ya yi wa ƙaramin yaro yawa yakan tsayar da zuciya nan take. Matar ta kwantar da ɗan a cinyarta, ta janye zanen, ta kau da kai don kada ta ga shigar allura. Ta ce mini biyu ta binne kafin wannan, in taimake ta don Allah. Likita take kirana.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi niyyar sokawa. Na ce a raina ƙila lissafin daidai ne, in daidai ne na ci, in koma Likoro da takarda Baffa ya gani tun yana da rai. In na buɗe baki kuwa na faɗi, wannan ba ƙila a ciki. Na goga wa yaron auduga. Tsinin allurar bai fi faɗin yatsa ba tsakaninsa da fata. Gumi ya sauko mini a ido. Sai na dubi ƙeyar matar nan da ta juya, ta bar mini ɗanta ba ta ko kallo, na ji hannuna ya ƙi gaba. Na juya, ban durƙusa ba, ban sunkuyar da kai ba.

"Malam, ban san adadin ba. Tun ranar da ka koyar ban gane ba."

Ashe ya riga ya miƙe, yana tsaye dab da ni, hannunsa na kusa da gwiwar hannuna. Ba zai bari in soka ba ko da na yi yunƙuri, amma ni ban san haka ba. Ya karɓi sirinjin ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya tsirtar da fiye da rabi a cikin tasa, ya yi wa yaron da kansa. Ya yi wa uwar bayani cikin taushin muryar da ban san yana da ita ba, ya ce ta zauna a inuwa zuwa azahar a ga yadda zai yi. Ni kuwa idona na kan abin da ke cikin tasar nan. Yaron ya tashi, bayan kwana biyar uwar ta dawo da shi yana ta fizgar mata ɗankwali, ta kawo mini nono a ƙwarya, ta ɗauka ni na yi aikin.

Bayan azahar Saje ya kira ni gindin mangwaro ya ce na faɗi. Nan fa na manta da dokarsa, na zube ƙasa ina roƙo, na gaya masa ciwon Baffa da abin da yake jira. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in tashi.

"Da ka kai allurar nan jikinsa, Likoro, da yau ka bar aikin asibiti har abada. Da ka yi magana, shekara ɗaya ce. Ba zan rage maka ko kwana ba, don ba zan sa hannu a takardar da ta ce ka iya abin da ba ka iya ba."

Ya dubi babur ɗinsa, sannan ya ce shi ma da nasa laifin. Ya ce ya daɗe da lura cewa amsoshina kalmomin littafi ne ba nawa ba, ya kuma san irin gidan da na fito, amma ya tsaya yana tambayar ɗan malamai ko ya gane, alhali ya san amsar da zai samu. A ranar ban ji daɗin wannan magana ba. Abin da na ji kawai shi ne na faɗi.

To ga inda nawa babban laifin yake. Da na isa Likoro na tarar da Baffa a kan buzu ya ƙara ramewa, Inna na bakin ƙofar zaure ta ciki. Na ce Saje ya kayar da ni, sai na maimaita shekara. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ba ƙarya a ciki. Inna ta ce yaron da kullum shi ne na ɗaya, in ba ƙiyayya ba me zai kayar da shi, ai tun ranar wanke hannu ta san mutumin nan ba ya ƙaunata. Baffa ya dube ni.

"Ka yi masa rashin ladabi ne?"

Na ce a'a. Ya ce to, Allah na nan. Ya ja carbinsa. A nan ya kamata in ba da labarin tasar nan. Amma na kasa gaya wa malami cewa ɗansa ya yi wa malami ƙarya wata da watanni, na kuma kasa gaya masa cewa sunkuyar da kan da ya koya mini ta kusa kashe ɗan mutane. Na ga an ɗora wa wani kayan, na ji sauƙi, na yi gum.

Shekarar da na maimaita ita ce shekarar da na koyi aiki. Saje ya dawo da ni bencin gaba, ya kafa mini doka cewa ba zan zauna da safe ba sai na kawo masa tambaya ɗaya a kan abin da ban gane ba. Ran farko na tsaya kamar an dasa ni, gumi har cikin takalmi, da ƙyar na tambaye shi me ya sa ake raba nauyi kafin a ninka. Ya ce madalla, yau Alaramma ya yi magana, ashe ya san sunan. Aji ya fashe da dariya, shi ma ya murmusa, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya daina cewa kun gane. Sai dai ya miƙa maka alli ko sirinji ya ce zo ka nuna mini. Bayan la'asar yakan zauna da ni da kwalaben da ba komai a ciki da kofin ruwa, ya ce ga yaro mai nauyi kaza, zuƙo. In na yi kuskure ba ya tsawa, sai ya ce sake. Da 'yan aji suka ga mai tambaya ba ya mutuwa, su ma suka fara, har wani lokaci darasi kan wuce lokacinsa. Tsoron da nake masa ya koma wani abu daban, na fara ɗokin gari ya waye.

Da kaka, saura wata huɗu jarrabawa, Baffa ya rasu. Bai ga fararen kayan ba. Ran sadakar uku, rana tsaka, muna zaune a zaure sai na ji ƙarar babur ɗin da na sani. Tun daga Zariya ya taso. Ya cire takalmi a waje, ya shigo, mutumin da ya hana ni durƙuso ya durƙusa gaban ƙannen Baffa ya dafa ƙasa ya yi gaisuwa. Da suka ji ko wane ne sai amsar ta yi sanyi, aka bar shi a gefen tabarma. Kun san al'ada, baƙon da ya zo daga nesa kafin komai ruwa ake kawo masa. Na tashi na shiga ciki in ɗebo. Labari ya riga ni. Inna na zaune cikin mata da mayafin takaba, ta dube ni da jajayen idanu.

"Wanda ya hana mahaifinka ganin abin da yake jira ba zai sha ruwan gidan nan ba."

Da na faɗi gaskiya, da magana ɗaya ta isa. Ni da na iya tsayawa gaban Saje kowace safiya in ce ban gane ba, na tsaya gaban uwata da moɗa a hannu, mata sun zuba mini ido, na ce to, Inna. Na mayar da moɗar kan randa na fito hannu wofi. Saje ya dubi hannuna, ya kau da kai. Ya zauna aka yi addu'a da shi, ya shafa, ya yi sallama. Na raka shi wurin babur. Ya ce in yi haƙuri, in kula da tsohuwa, in na dawo kada in manta da tambayata. Ina tsaye ina kallonsa har ya kai rijiyar bakin gari, na ga ya tsaya ya sauka, ya roƙi masu ɗiba, ya tara hannu aka zuba masa daga guga.

Na ci jarrabawa a wannan shekara, ni ne na ɗaya har a aikin hannu, kuma shi ya miƙa mini takardar. Na yi aiki a Ikara da Kudan da ƙauyukansu har na yi ritaya, ban taɓa soka wa yaro allura ba sai na yi lissafi sau biyu, kuma duk ɗalibin da aka turo mini ban taɓa tambayarsa ko ya gane ba. Saje bai taɓa tayar mini da zancen ranar nan ba har ya koma ga Allah. Ni kuma kullum ina cewa sai Inna ta huce in gaya mata, har ita ma ta tafi tana kiransa mutumin nan, ku kuma kuka gada.

Hajara, ban san malaminki ba, ƙila mugun ne. Amma kafin ki yanke, ki je ofishinsa da takardarki ki ce ya nuna miki inda kika kauce, ki kuma gaya masa abin da ba ki gane ba da bakinki. Sauranku kuwa, daga yau kada in ƙara jin Saje a gidan nan. Sunansa Malam Dauda. In na mutu kuka tashi yi mini addu'a ku fara da shi, in kuma za ku yi sadaka, ku yi ta ruwa.